Zanen Gado Na Biyu

Tunda kun matsa, bari in fara da amsa tambayar da kuka cika min akwatin saƙo da ita: babu wani saurayi a cikin jirgin. Na san ba haka kuka so ji ba. Wata ma cewa ta yi in daina ja muku rai in faɗi sunansa kawai, wai ba a yi macen da za ta yi wata huɗu a kan teku ta dawo tana sanyin jiki da saurayinta ba, sai in akwai dalili mai gemu. To babu. Da akwai ma da abin ya zo min da sauƙi, don mutanen garinmu sun fi gane "ta samu wani" a kan "ba ta so".

Ga waɗanda yau suka fara shigowa shafin nan nawa, sunana Marnie Kubik, 'yar masu kiwon shanu ce daga yammacin Nebraska, kuma ni kaɗai iyayena suka haifa. Zangon karatu guda na yi a jirgin ruwan da ke zagaya duniya da ɗalibai, aji a ciki, malamai a ciki, mu sauka wannan ƙasa mu hau mu nufi waccan. A gida na bar Garrett Voss, ɗan maƙwabtanmu, wanda muke tare tun sakandare.

Ranar da za mu sauka a San Diego, wayoyi ne suka tashe mu. Muna matsowa gaɓa sabis ya dawo, sai layin ɗakunanmu ya ɗauki tsuwwa kamar an buɗe akurkin 'yan tsaki. A tsakiyar teku ɗan gajeren saƙo kawai muke iya turawa ta na'urar jirgin, shi ma sai an bi layi. Yanzu kuwa duk abin da aka tara mana ya zubo a lokaci guda.

Odette, abokiyar ɗakina, 'yar Louisiana mai bakin da ba ya zuwa hutu, tana zaune a kan akwatinta tana kokawa da zif.

"Ke 'yar shanu, zo ki hau min nan, kin fi ni nauyi."

"Bari in ga abin da Mama ta turo."

Na buɗe guruf ɗin gidanmu.

Mama: Mun iso lafiya. Babanki ya ga teku. Ya ce ruwa ne dai.

Mama: Ki sa shuɗiyar rigar nan mai farin maɓalli. Ki saki gashinki, kada ki tufke shi.

Baba ya turo hoton babban yatsa, wanda shi ne iyakar hirarsa a waya.

Sai Gwaggo Jolene, ƙanwar Baba, wadda aka bari a gida tana kula da shanu. Hoto ta turo. Zannuwan gado biyu ne a shimfiɗe a ƙasan zauren cocinmu, fenti bai gama bushewa ba. Na farko an rubuta BARKA DA DAWOWA MARNIE, da zanen jirgi wanda ya fi kama da komin shayar da shanu. Wannan ban yi mamakinsa ba, kowane gida da nasa yake zuwa tasha don ɗansu ya hango su daga saman jirgi. Na biyun ne. Jan fenti, manyan baƙaƙe, an ja layi da rula don kada su karkace: MARNIE ZA KI AURE NI? A gefen hoton ga takalmin Garrett, na san shi da facin da ke dunduniyar.

Mama: JOLENE. Marnie tana cikin guruf ɗin nan.

Gwaggo Jolene: Au.

Mama: Marnie kada ki kalli hoton da ke sama.

Mama: In kin riga kin kalla ki yi kamar ba ki gani ba. Yaron nan ya sha wahala a kansa.

Na zauna a kan akwatin Odette ba tare da na san na zauna ba. Ta zuge shi ta ce na gode, sannan ta leƙo wayar. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta buɗe hoton da yatsu biyu.

"Da rula fa ya ja layi," in ji ta. "Ƙawata, kin shiga uku. Irin waɗannan ba sa ba mutum dalilin guduwa."

Kun san yadda ake yi a wurinmu. Saurayi ya je ya nemi albarkar uba a asirce. Uwa ta sani, gwaggo ta sani, matar fasto ta sani, mai sayar da zobe ya sani. Mace ɗaya ce tak ba a tambaya ba, ita sai a gaban jama'a, wai don a ba ta mamaki. Aikinta ta rufe baki da hannu biyu, ta yi kuka kaɗan yadda kwalliya ba za ta ɓaci ba, ta gyaɗa kai, a tafa. Tun ina ƙarama nake kallon wannan mamakin, a filin ƙwallo, a wurin baje kolin shanu, a gidan cin abinci, ban taɓa ganin an ba wa mace shi a inda za ta iya cewa a'a ba.

Kada ku zargi Garrett. Ni na nemi laifinsa daga Japan har Afirka ta Kudu ban samu ba. Ban daɗe da tafiya ba aka yi wa Baba tiyata a gwiwa, ga dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ga shanu sun fara haihuwa. Garrett ne yake gama aikin gidansu ya zo ya yi namu. Shi ya fasa ƙanƙarar wurin shan ruwa, shi ya kai ciyawa, shi ya sa hannu ya zaro maruƙan da suka zo a juye. Duk saƙon da Mama ta turo min a teku da sunansa yake farawa. Abin da na gano a tafiyar nan ƙarami ne, har kunyar faɗarsa nake ji: sai in yi mako ban tuna da shi ba, in na tuna kuma irin tunawar da mutum yake yi cewa ya fito bai kashe fitilar ɗaki ba.

Ana cewa tafiya tana canza mutum. Malamanmu a jirgin sun faɗa har ta gundure mu. Ni ban ga canjin ba. Wuri kawai na samu inda babu wanda ya san Garrett, babu mai ce min "kin yi sa'a" tun kafin in buɗe baki, sai na ji abin da bakin nawa yake son faɗa.

"To da wannan kan za a yi miki hoton?" Odette ta tambaya, tana shafa min ƙeya.

Wannan ita ce ɗaya matsalar. Ranar da jirgi ya tsallaka layin da ya raba duniya biyu, akwai bikin da ake yi wa waɗanda ba su taɓa tsallakawa ba. A sheƙa maka ruwa mai ƙarnin kifi, ka sumbaci mataccen kifi, ka faɗa tafkin wanka, mai ƙarfin hali kuma ya zauna a kujera a aske shi ƙwal kwabo. Na zauna. Gashin da Mama take taje min tun ina zama a kan cinyarta, wanda ya sauko har ƙuguna, wanda ba a taɓa sa masa almakashi ba sai a baki-baki, na ga ana share shi da tsintsiya. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Duk hoton da na tura da ɗankwali nake, wani ruwan goro da na saya a Indiya, Mama har tana yaba min wai na iya kare kaina daga rana. Yanzu gashin ya ɗan tsiro, bai kai rabin ɗan yatsa ba.

Na kira Garrett. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na kira Mama.

"Marnie? Muna hango jirginku. Ba na jinki 'yar nan, iska ta yi yawa."

"Mama, ba wa Garrett wayar."

"Me? Kin sa rigar?"

"Na ce ki ba Garrett."

"Shuɗiyar fa, ba koriyar ba."

Ta kashe.

Muka hau can saman jirgi. Kowa yana wurin, an jeru a jikin ƙarfen jingina, wasu na kuka, wasu na rubuta wa juna lambar waya a hannu. Ƙananan jirage biyu suna tura mu a hankali zuwa bakin tasha, a hankalin da ya sa na ji kamar in sauka in taya su. Can ƙasa kuwa iyaye ne maƙil a bayan shinge, da zannuwa, da kwalaye, da balan-balan. Wani uba ya zo da ƙaho yana busawa. Wata uwa ta ɗaga ƙaramin kare sama don 'yarta ta gani.

Malafar Baba na fara hangowa. Babu mai irinta a duk taron. Yana riƙe da gefe ɗaya na zanen farko, Mama tana riƙe da ɗayan, cikin rigarta ta zuwa coci mai furannin shunayya. Kusa da su Garrett, farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, wuyansa ja saboda sabon aski, da wani abu a naɗe a hammatarsa. Can gefe kuma wata mata ce da ƙatuwar kyamara, tana yi kamar tsuntsayen teku take ɗauka.

"Har da mai hoto," in ji Odette. Ta ciro madubin hangen nesan da ta saya don kallon manyan kifaye, ba ta kuma ga ko ɗaya ba duk tafiyar. "Kai, yaron yana da kafaɗa. In ba kya so ki ba ni."

"Odette."

"Wasa nake. Rubuta masa."

Na rubuta doguwar magana mai farawa da godiya, na goge. Na rubuta wata mai cewa na gaji da tafiya a bari sai mun je gida, na goge, don ƙarya ce mai ƙafa ɗaya. Daga ƙarshe ga abin da ya rage:

Garrett, don Allah kada ka buɗe zanen nan. Ba zan iya cewa e ba. Mu yi magana mu biyu.

"Tura."

"Bari in sake karantawa."

Ta miƙo yatsa ta danna min.

Na karɓi madubin na saita shi a kan Garrett, ina jiran in ga ya sa hannu a aljihu. Bai sa ba. Yana ta ɗaga wa jirgin hannu, bai ma san inda nake ba, ɓangaren da babu ni yake yi wa murmushi. Wadda ta sunkuyar da kai Mama ce. Sai a lokacin na lura da abin da ke ɗaya hannun nata: waya mai jan murfi, a ɗage tana ɗaukar jirgin. Wayar Garrett. Tasa ta fi kyan hoto, ya ba ta ta ɗauki komai tun daga shigowarmu.

Na ga ta sauke wayar. Na ga ta janyo tabaranta daga saman kai ta sa. Ta karanta. Ta daɗe fiye da yadda gajeren saƙo yake buƙata. Sannan ta ɗago ta dubi jirgin, daga wannan ƙarshen zuwa wancan, kamar tana neman saniyar da ta ɓalle. Ta buɗe jakarta, ta saka wayar, ta zuge. Ta gyara riƙon zanen, ta ci gaba da ɗaga hannu.

Wanda bai taɓa sauka daga irin wannan jirgin ba yana zaton da an ɗaure igiya sai a ruga a rungume iyaye. Ina. Sai jami'an kwastan sun hau, sai an sauke kaya, sai an kira ku rukuni-rukuni. Aka tara mu a babban zauren da muke lacca, kowa da jakarsa a tsakanin ƙafafu. Na zauna, na tashi, na je banɗaki ban yi komai ba, na dawo. Na ci rabin biskit na ba Odette sauran. Na rubuta wa Mama: Mama? Shiru. Na sake: Mama ki yi magana. Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Abin da ya iso:

Ki sa rigar.

Na koma ɗaki na sa. Ta yi min ɗan yawa a ƙugu. Na ɗaura ɗankwalin na ja shi har goshi, ruwan goro a kan shuɗi, ko kaɗan ba su dace ba.

A zauren nan, in gaya muku gaskiya, na kusa yanke shawarar in ce e. Kalma ɗaya ce. Na san yadda ake rufe baki da hannu biyu. Na tuna Baba, da ƙasar da kakansa ya kafa wa shinge, da yadda yake shiru duk lokacin da wani maƙwabci ya sayar da tasa don 'ya'ya sun tafi birni. Bai taɓa ce min ya so a ce namiji ya haifa ba. Amma na ga yadda yake tsayawa da Garrett a jikin shinge, su yi rabin awa ba wanda ya ce uffan, ya dawo gida fuskarsa a sake.

"In na karɓi zoben yau, in mun je gida na mayar masa a hankali fa?"

Odette ta kalle ni ta gefen ido. "'Yar kawuna ta yi haka. Ta ce bayan Kirsimeti za ta mayar."

"Ta mayar?"

"'Ya'yanta uku."

Aka kira rukuninta kafin nawa. Ta rungume ni har ɗankwalin ya zame, ta gyara min shi da kanta. "In kin ga abin ya fi ƙarfinki ki suma," ta ce a kunnena. "Ba a ɗaura wa sumammiya zobe." Ta ja akwatinta ta tafi tana share ido da bayan hannu.

Da aka kira mu, ƙafafuna suka ƙi yarda ƙasa ba ta motsi. Na bi ta wata doguwar rumfa, aka duba takarduna, na ɗora akwatuna a kan keken kaya, wata ƙofa ta buɗe, sai rana da hayaniya.

Baba ne ya fara isowa. Yana ɗingishi, bai kuma zo da sanda ba, na san girman kai ne ya hana.

"Maraƙa," ya ce. Sunan da yake kirana da shi ke nan tun ina rarrafe. Ya rungume ni da hannu ɗaya, yana warin kofi da sabulun masauki. "Kin rame. Ba sa ba ku nama ne?"

"Kifi, Baba."

"Na ce ai."

Sai Mama. Ta riƙe ni sosai, kumatunta a jikin nawa, murmushi a fuskarta don mutane.

"Na gani," ta ce can ƙasa.

"Mama, ni dai..."

"Shiru. Mai hoto tana kallo."

Ta kan kafaɗarta na hango Garrett yana tahowa. Ya riga ya zaro zanen daga hammata. Ya miƙa wa Baba gefe ɗaya, ya ce, "Riƙe nan, Baba." Baba. Tun yaushe? Jan harafin farko ya fara bayyana. Matar nan ta daina kallon tsuntsaye, ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya ta saita mu. Mutanen da ke kusa suka fara ja da baya suna buɗe mana fili, wata ta dafa ƙirji, wani ya ɗaga waya. Hannun Garrett na dama ya nufi aljihun wandonsa.

Mama ba ta sake ni ba. Hannunta ya hau bayan kaina, inda ta saba dafa tufkar gashi in ta rungume ni. Sai na ji hannun ya tsaya. Ya lalubi hagu, ya lalubi dama. Ta ja baya ta dube ni.

"Ina gashin?"

Ta kama bakin ɗankwalin da yatsu biyu ta zame shi.

Iskar teku ta bugi fatar kaina. Baba ya ce, "Kai." Garrett ya tsaya da rabin zane a hannu, gwiwarsa ta riga ta fara lanƙwasa.

Mama ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To. Wannan kuma daban ne."

A garinmu ba a zagi. In mace ta ɗanɗana abincinki ta ce daban ne, ki zubar. In ta ce haka a kan 'yarta, ku ƙiyasta.

Ta juya. "Garrett, naɗe zanen nan."

"Mama Lorna?"

"Naɗe shi, ɗana. Ba yau ba. Ba za a yi wa 'yata hoton da za a rataye a falo har jikoki su gani tana kama da sabon kurtun soja ba."

"Ni Allah kuwa ban damu ba," in ji Garrett. Ya dube ni, kunnuwansa sun yi ja. "Kin yi kyau, Marnie. Da gaske nake."

"Kai ba ka damu ba. Ni na damu."

"Lorna," Baba ya ce, "gashi ne fa. Zai fito."

"To in ya fito."

Ta taka ta je wurin mai hoton, ta yi mata magana a hankali tana dafa mata hannu, irin yadda take sallamar baƙon da ya daɗe. Matar ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. Masu kallo suka ga babu abin tafi, suka koma kan nasu 'ya'yan. Da Mama ta dawo hawaye take yi na gaske, har hodarta ta yi layi, tana ninke ɗankwalina ƙanana-ƙanana. Har yau ban san nawa ne na gashin ba, nawa ne na saƙon.

Garrett ya naɗe zanen yadda ya zo da shi, bai bar ko lanƙwasa ba. Sannan ya zo ya rungume ni. Ta jikin aljihunsa na ji ɗan akwatin zoben yana tokare min cinya.

A wurin ajiye motoci Mama ta aiki mazan su nemo mata ruwan sanyi, alhali ga kula cike da shi a bayan mota, har da burodin nama da kabeji da ta gasa min tun daga gida. Muka rage mu biyu muna ɗora akwatuna a bayan a-kori-kurar Baba.

"Kin san abin da yaron nan ya yi wa babanki?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kina can kina sumbatar kifi." Ta tura jaka da ƙarfi. "Wanene?"

"Babu kowa."

"Marnie."

"Babu kowa, Mama."

Ta tsaya da hannu a kan akwati. Wannan ya fi komai ɗaga mata hankali, na gani a idonta. "To me zan ce wa mutane?"

Ta ciro hankici ta goge ƙasan idonta a madubin gefen mota.

"Kada ki ɗauka don ke na yi," ta ce. "Ba zan tsaya ina kallo yaron nan ya durƙusa a gaban baƙi ki kunyata shi ba. Ba kuma zan tsaya ina kallo ki yi masa ƙarya ba. Iyakar nawa ke nan. Ba zan faɗa masa a madadinki ba, ba zan faɗa wa babanki ba."

"Ke a ina Baba ya tambaye ki?"

"A filin baje koli. Da lasifika."

"Da a ɗaki ya tambaye ki, ku biyu, me za ki ce?"

Ta dube ni kamar na yi ashar a coci. "Shekara talatin ina zaune da mutumin kirki," ta ce. "Miƙo waccan jakar."

Tafiyar kwana biyu ce daga nan zuwa gida. Baba a sitiyari, Mama a gefensa, ni da Garrett a kujerar baya, naɗaɗɗen zanen a ƙarƙashin ƙafafunmu don babu inda za a sa shi. Baba ya kamo tashar da ake faɗin farashin shanu da yanayin gari, ya bar ta ƙasa-ƙasa. Muka fita daga tasha, muka hau babban titi, teku ta koma bayanmu. Ba wanda ya tambaye ni ko ƙasa ɗaya da na je.

Garrett ya miƙo hannu ya shafa kaina a hankali. "Kamar bayan sabon maraƙi," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ya matso, ya rage murya yadda na gaba ba za su ji ba, ko da yake a motar nan ana jin komai. "Na san kin ga hoton. Gwaggo Jolene ta kira ni tana kuka. Kada ki damu da abin da ya faru. Na jira wata huɗu, ai zan iya jiran gashi."

Na juya ina kallon taga.

Ya laluba aljihun rigarsa, ya laluba na wando. "Mama Lorna, wayata tana wurinki? Ina so in ga yadda jirgin ya fito."

Mama ba ta waiwayo ba. Na ji ƙarar zif. Hannunta ya biyo ta tsakanin kujeru da wayar, ya wuce hannun Garrett da ke a buɗe, ya ajiye ta a kan cinyata.

Fuskar wayar ta kawo haske. Saƙona yana nan a sama, ba a taɓa shi ba, ƙarƙashinsa kiran da na yi masa bai ɗauka ba. Na san lambar buɗe ta, ranar haihuwata ce. Kafin ya ankara zan iya share shi, mu yi kwana biyu muna cin burodin nama muna hirar shanu, in samu wata shida ko shekara ina jiran gashi tare da shi.

Na kifa wayar, na ɗora hannu a kai.

"Garrett, akwai saƙon da na turo maka tun ina saman jirgi. Kafin in ba ka, na fi so ka ji shi daga bakina."

A madubin gaba idon Baba ya haɗu da nawa. Ya dubi Mama, ita kuwa titi take kallo, jakarta a rungume. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Garrett ya janye ƙafarsa daga kan zanen, ya juyo gaba ɗaya yana fuskantata.

"Ina jinki, Marnie."